Mai tsara lambu yana neman cikon kuɗinsa, furanni kuwa sun bushe

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na ɗauki wani ƙwararren mai tsara lambu ya gyara mini farfajiyar gida. Ya auna fili, ya yi zane, na amince, na ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami. Shi ya kawo leburorinsa, shi ya sayo dashe da ciyawa. Ba mu rubuta takarda ba, duk maganarmu a WhatsApp take. Wata uku da gama aiki kusan rabin furannin sun bushe, kuma duk lokacin da aka yi ruwa sai ya taru a gindin katangar maƙwabcina. Yanzu yana neman cikon kuɗinsa, ya kuma ce idan na ba wani zanen ya gyara aikin zai maka ni a kotu. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Rashin takarda bai hana yarjejeniya ƙulluwa tsakaninku ba. Ya faɗi abin da zai yi, kin yarda, kuɗi ya shiga hannunsa, to a idon shari'a kwangila ta tabbata. Saƙonnin nan su ne shaidarki, don haka tun yau ki adana su duka, har da saƙon murya da rasit ko shaidar tura kuɗi. Kada ki goge ko ɗaya, har wanda kike ganin bai yi miki daɗi ba.

Inda mutane da yawa suke rikicewa shi ne suna ɗaukar aikin lambu abu guda ne, alhali abu uku kika saya a wajen mutumin nan: zane, aikin hannu, da tsirrai. Kowanne da irin alhakin da ke tattare da shi. Da ya yi miki zane kawai kika ɗauko wani ɗan kwangila daban, da yanzu kowannensu yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Tunda shi ya riƙe ukun, mutum ɗaya za ki tuhuma, kuma wannan sauƙi ne babba a gare ki.

Batun ruwan katanga ya fi damuna a kan furanni, shi ya sa zan fara da shi. Duk wanda ya karɓi aiki da sunan ƙwararre, shari'a tana ɗora masa nauyin yin sa da kulawa da gwanintar da ake tsammani a wajen masu sana'arsa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Duba gangarar ƙasa da sanin inda ruwa zai bi yana cikin abin da ake fara yi kafin a ja layi ɗaya a takarda. In shi ya ɗaga ƙasa ko ya daɓe wani ɓangare har ruwa ya koma jikin katanga, hujjarki tana da ƙarfi. Sai dai maƙwabci bai san mai tsara lambu ba, ke ya sani, ke ce mai fili. In katangarsa ta tsage, ƙofarki zai fara ƙwanƙwasawa, sannan ke ki bi wanda ya jawo miki. Kuma kotu tana duba ko wanda aka cuta ya yi iya ƙoƙarinsa wajen rage ɓarna. Idan kin ga ruwa yana taruwa kin zuba ido har katanga ta faɗi, ba lallai a biya ki dukan asarar ba. Ki ɗauki hotuna da bidiyo lokacin da ruwan yake kwance, ki sa a buɗe masa hanya ta wucin gadi, ki kuma je ki gaya wa maƙwabcin da bakinki cewa kina kan gyara.

Furanni kuwa, nan dole a bugi jaki a bugi taiki. Tsiro abu ne mai rai, bushewarsa kaɗai ba ta nuna laifin kowa. Tambayar ita ce me ya kashe shi. In an dasa mai son inuwa a tsakar rana, ko an kawo dashe mai cuta, ko ba a gyara ƙasa ba, laifinsa ne. In ban ruwa ne aka yi wa sakaci bayan ya miƙa miki aiki, naki ne. Ki binciki saƙonninku ki gani ko ya taɓa cewa zai sauya duk wanda ya mutu cikin wani wa'adi, ko ya ba ki bayanin yadda za a kula da su. Sannan ki samo wani masanin tsirrai da ba ruwansa da ku biyu ya duba ya rubuta miki abin da ya gani, kafin a tuge busassun.

Sai cikon kuɗi. Na san zuciyarki tana cewa kada ki ba shi ko sisi, amma ban ba ki wannan shawara ba. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila akwai hukunci biyu da lauyoyi suke yawan kafa hujja da su. A shari'ar Hoenig da Isaacs ta 1952, wani mai ƙawata ɗaki ya karɓi aikin fam 750, aka samu kurakuran da gyaransu bai wuce kusan fam 55 ba, mai gida ya ƙi biyan ragowar. Kotu ta ce aikin ya kammalu a dunƙule, a biya shi a cire kuɗin gyara. A shari'ar Bolton da Mahadeva ta 1972 kuwa, na'urar ɗumama gida ce aka haɗa a kan fam 560, ba ta ɗumama gidan yadda ya kamata, gyaranta zai ci fam 174. Nan kotu ta ce mai aikin ba ya bin komai. Ma'aunin ke nan: girman aibin idan aka gwada shi da dukan aikin. Don haka ki sa a ƙiyasta miki kuɗin gyaran magudanar ruwa da sauya tsirrai a rubuce. Abin da ya kai wannan adadi kina da hujjar riƙe shi, abin da ya ragu a sama ki nuna a shirye kike ki biya.

Barazanarsa a kan zane tana da ƙanshin gaskiya, amma ba kamar yadda ya kambama ta ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka sa wa hannu, ta kare zane da taswira, kuma haƙƙin mallaka na wanda ya zana ne ko bai yi rajista ba. Biyan kuɗi bai mayar da haƙƙin hannunki ba sai an rubuta haka. Amma kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Blair da Osborne da Tomkins ta 1971, ta ce wanda ya biya kuɗin zane cikakke yana da izinin amfani da shi a kan filin da aka yi shi dominsa. Abin da ba ki da iko a kai shi ne sayar da zanen ko gina irinsa a wani fili. Raunin da ke gefenki shi ne ba ki gama biya ba. Shawarata ki ware kuɗin zanen ki biya shi cif, ki rubuta a jikin shaidar biya cewa na zane ne.

Yanzu ki rubuta masa wasiƙa cikin mutunci. Ki jera aibobin ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa da hotuna da rahoton masanin, ki ba shi wa'adi mai ma'ana, kamar kwana 14, ya zo ya gyara da kuɗinsa. Ba shi wannan dama yana da muhimmanci, domin alƙali zai tambaya ko an ba shi. In yana cikin wata ƙungiyar masu sana'ar, ki kai musu koke, ki kuma tambaye shi ko yana da inshorar aiki. In ya ƙi zuwa, ki nemi zaman sulhu a gaban mai shiga tsakani, ya fi kotu sauri da sauƙin kashe kuɗi. Idan duk wannan bai yi ba sai ƙara, kuma tana da wa'adin da doka ta yanka, a Ingila shekara 6 ne a kan irin wannan kwangila, kowace ƙasa da nata. Ki kai wa lauyan da ke aiki a inda gidan yake saƙonnin da zanen ya duba kafin ki tura wasiƙar.