Tambayoyinku kan fasaha: Adana sunayen ƙauyuka da duwatsu da wayar hannu

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a Bukuru, jihar Filato. Ina so in zaga ƙauyukan Riyom da Barkin Ladi in rubuta sunayen tsaunuka da rafuka da tsofaffin kududdufan kuza kafin dattawan da suka san su su ƙare. Sai na sayi na'urar GPS mai nuna lambar wurin da mutum yake, ko wayata ta isa? Ga shi wuraren ba sabis.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka, wayarka ta isa. Ita GPS daga tauraron ɗan'adam take karɓar saƙo kai tsaye, ba ruwanta da layin waya ko data. Abin da ke buƙatar intanet shi ne taswirar da kake gani a fuskar waya. Saboda haka tun kana gida ka sauke manhajar taswira ta OsmAnd ko Organic Maps, ka janyo taswirar Najeriya ka ajiye. A fili, inda ba abin da ya tare sama, kuskuren waya ba ya cika wuce mita 5 zuwa 10. Amma in ka raɓe a gindin dutse irin na Shere da ke kusa da Jos, saƙon kan bugi dutsen ya dawo, sai ka ga ɗigon da ke nuna inda kake a taswira yana ta tsalle. Matsa fili, ka jira minti guda ya natsu tukuna.

Ga tarkon da nake so ka kiyaye. Jos tana wajen digiri 9.9 arewa, 8.9 gabas. Lambobin sun yi kama ƙwarai. Ka juya su bisa kuskure, taswira ba za ta jefa ka cikin teku ba balle ka farga. Can kudancin Filato za ta ajiye ka, wajejen Wase, kuma komai zai yi kamar daidai. Kullum arewa ce farko, sannan gabas, kuma ka bar lambobi biyar bayan ɗigo.

Sai dai ni a ganina lambar ba ita ce mai wuyar samu ba. Dutse yana nan, jikanka ma zai iya zuwa ya auna. Muryar dattijon ce ba ta dawowa. Ka nemi izininsa, ka kunna rikoda, ka ce, "Baba, ya sunan wurin nan? A maimaita mini." Ya faɗa sau uku, ya kuma gaya maka dalilin sunan. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, kuma harsunan Birom da Afizere masu karin sauti ne, kamar Hausa. Na taɓa rubuta sunan wani rafi a takarda kawai, da na karanta wa jikar mai gidan sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Har yau ban san me na faɗa ba. In wuri yana da suna biyu, na Birom da na Hausa, ko wanda Turawan kuza suka laƙaba, rubuta duka, kowanne da wanda ya faɗa maka. Yanke hukunci ba aikinka ba ne. Manhajar KoboCollect tana haɗa suna da murya da hoto da lambar wuri a fom guda, kuma tana aiki ba intanet.

Tambaya: Ɗalibaina sun turo mini hotuna ta WhatsApp, amma ba bayanin wuri a jikinsu. Me ya faru? (Wata malama daga Tudun Wada, Jos)

Amsa: Malama, WhatsApp kan goge wannan bayanin in aka tura hoto yadda aka saba. Su sake turowa a matsayin fayil, in dai sun kunna alamar wuri a kyamara tun lokacin ɗauka. In ba su kunna ba, sai dai a koma.

Tambaya: Na ɗora wuraren da na auna a kan tsohuwar taswirar safiyo, sai na ga duk sun goce gefe guda. Wayar ce ta lalace? (Ɗalibi daga Naraguta)

Amsa: Lafiyarta lau. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su ne kan ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lissafin lambar wuri, waya kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 take aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan kai gomman mitoci. Buɗe manhajar taswira ta QGIS a kwamfuta, kyauta ce, ka gaya mata ma'aunin kowanne, ita za ta daidaita su. Duba gefen taswirar, galibi an buga bayanin ma'aunin a can da ƙananan haruffa.