Maƙwabci ya janye mini ruwan rijiya: wace kotu zan je?

Wani manomin rani daga Ikara ta Jihar Kaduna ya yi tambaya. Maƙwabcinsa, mazaunin Jihar Kano, ya haƙa rijiyar burtsatse a gonarsa da ke ɓangaren Kaduna, yana ja da babban inji, rijiyar mai tambaya kuma ta fara ƙafewa. A Kano zai kai ƙara ko a Kaduna?

Malam, a rikicin da ya shafi fili, inda filin yake ake dubawa, ba inda mai shi yake kwana ba. Tunda gonakin biyu suna cikin Kaduna, nan ne hurumin yake. Ka fara tabbatar da haka, domin a ƙauyukan iyaka sau da yawa inda mutane suka ɗauka iyaka take ba nan taswira ta sa ta ba. A ɗauki lambobin GPS na bakin rijiyoyin biyu, a gwada da bayanan KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta Jihar Kaduna. Kotun da ba ta da hurumi, hukuncinta rushewa yake yi a ɗaukaka ƙara, kuɗi da lokaci sun tafi a banza.

Sai takardar gonar. A Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filin da gwamna ya ba da shaidar mallakarsa Babbar Kotun Jiha ce ke jin shari'arsa. Gonar karkara da ake riƙe da ita bisa al'ada kuwa, ƙananan kotunan yankin ma suna iya saurare.

Amma ka sani, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba mai fili damar ɗiban ruwan ƙarƙashin ƙasa don gida, dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Haƙa rijiyar kaɗai ba laifi ba ne. Cutarwa za ka nuna, kuma nan ne wasu manoma ke faɗuwa, don da baki kawai suke zuwa. Ɗaura ƙarfe a igiya, ka auna daga bakin rijiyarka zuwa fuskar ruwa da asuba kafin ya tada inji, ka sake aunawa bayan ya kashe. Rubuta rana da awo a gaban shaida, har mako biyu ko uku. In ruwan yana sauka da tashin injinsa, yana dawowa cikin dare, kana da hujja. In kuwa sauka yake a hankali daga Janairu zuwa Afrilu, ko da inji ko babu, rani ne.

Da takardar awon nan ka fara zuwa wurin dagaci da sarkin noma. Raba sa'o'in jan ruwa, shi da safe kai da yamma, yakan ceci albasar bana, wadda ba za ta jira ranar zaman kotu ba.