Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Inji Don Gudun Haraji, da Sauran Batutuwa

Wani mai aikin ɗab'i ya rubuto cewa bana ciniki ya yi albarka, shekarar lissafi kuma ta kusa ƙarewa. Abokinsa ya ba shi shawara ya sayi sabon inji kafin a rufe littafi, wai hakan zai cinye harajin. Tsohon injin yana aiki lafiya lau. Ya saya ko ya bari?

Malam, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka. Harajin riba yana hawa ne a kan abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe wa sana'ar. Mu ce harajin kashi 20 cikin ɗari ne, injin kuma kuɗinsa 1,000, ko da wane irin kuɗi kake lissafi. Idan hukuma ta yarda ka cire kuɗin injin gaba ɗaya, harajin da ka tsira da shi 200 ne, sauran 800 daga aljihunka suka fita. Wanda bai sayi komai ba ya biya 200 ya riƙe 800 a hannu, kai kuwa ka riƙe inji na biyu kusa da wanda bai lalace ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Kuma ba kullum hukuma take yarda a cire shi gaba ɗaya ba. Kaya masu daɗewa irin su inji, mota da janareta, a ƙasashe da yawa rarraba kuɗinsu ake yi a kan shekaru, kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda doka ta ƙiyasta tsufansu. Amurka da Birtaniya suna barin ɗan kasuwa ya cire kuɗin wasu kayan aiki tun a shekarar farko, har zuwa wata iyaka, amma a Amurka ma sai an girka abin ya zama a shirye yake da aiki kafin shekara ta fita. Biyan kuɗi kawai bai wadatar ba. Ga kuma abin da ya fi kayar da mutane: lokacin biyan ragowar harajin yana zuwa ne bayan shekara ta ƙare, lokacin da kuɗin ya riga ya zama ƙarfe. Da a ce dama kana da niyyar sayen injin nan da wata biyu ko uku saboda aiki ya yi maka yawa, da na ce matso da sayen gaba, ka ci moriyar rangwamen. Tunda tsohon yana aiki, bar kuɗinka.

Wata mai ɗinki tana tambaya ko ta biya kuɗin manhajar lissafi ta wata-wata, ko ta ci gaba da littafinta.

Hajiya, tun a 1494 aka buga bayanin tsarin lissafin da manhajojin nan suke bi, wani malamin lissafi mai suna Luca Pacioli ne ya wallafa shi a birnin Venice na ƙasar Italiya, kuma da alƙalami 'yan kasuwa suka yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da shi. Littafin da ake rubutawa kullum ya fi manhajar da ake buɗewa sau ɗaya a wata. Abin da zan fi so ki fara yi shi ne ki raba asusun sana'a da na cefanen gida. Sannan ki riƙa ɗaukar hoton kowane rasit, don irin siririyar takardar nan da na'ura ke fitarwa rubutunta gogewa yake yi, alhali ƙasashe da dama suna so a ajiye shaida shekara biyar ko shida. Ranar da kika ɗauki ma'aikata ko masu karɓar bashi suka yi yawa, sai ki nemi manhaja, ki kuma tabbatar za ki iya kwashe bayananki idan kin daina biya.

Wani mai sayar da kayan ofis ya ce cinikinsa bai kai iyakar da doka ta wajabta rajistar harajin VAT ba (wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, mai saye ya biya), amma wani kamfani ya ce ba zai saya a wurinsa ba sai ya yi. Ya yi rajistar?

Ɗan'uwa, amsar tana wajen masu sayen kayanka. A Faransa aka fara wannan haraji a 1954, yanzu sama da ƙasashe 160 suna karɓarsa, kowace da nata ma'auni: Najeriya kashi 7.5, Saudiyya 15, Birtaniya 20. Yadda yake aiki kuwa kusan ɗaya ne. A ce kashi 10 ne. Ka sari kaya na 1,000 ka biya 100 a kai, ka sayar 1,500 ka karɓi 150, sai ka miƙa wa hukuma 50. Kamfanin da ya yi rajista ba ya jin zafin wannan 150 ɗin, don shi ma cirewa zai yi daga nasa, shi ya sa yake son takardar cinikinka mai nuna harajin da ya biya. Talaka mai sayen biro da littafi ba shi da wurin cirewa, tsada kawai zai gani, ya wuce shagon gaba. Zauna ka duba cinikin wata shida: idan kamfanoni ne suka fi yawa, ko wannan ɗayan zai kawo abin da ya fi wahalar cike takardu a kai a kai, yi rajista. Amma ka sani kuɗin da ka karɓa amana ne a hannunka. Na sha ganin wanda ya zuba shi cikin jari, ranar biya ta zo babu, tara ta hau.

Na ƙarshe ya ga tallar wani kwas da ya yi alkawarin koya masa yadda ba zai biya ko sisi ba a ƙarƙashin "sabuwar doka".

Kada ka biya tukuna. Labarin haraji hawa-hawa ne: an gabatar da ƙudiri daban, an sa hannu daban, ranar fara aiki ma daban, kuma masu talla sukan haɗe su wuri ɗaya. Shiga shafin hukumar harajin ƙasarka ka nemi sanarwar da ranarta, kyauta ne. Ka kuma lura, yafe wa ƙaramin ɗan kasuwa biya ba lallai ya yafe masa gabatar da bayanan shekara ba, ana iya cin tarar wanda ba a bin sa komai don ya yi shiru. Kuɗin kwas ɗin ka kai wa akanta mai lasisi, ka ɗauki littafinka da rasit ɗinka, ku zauna sa'a guda a kan naka lissafin.