Fada, soro da bakan gizo: amsar tambayoyin wanda ya ziyarci Gidan Rumfa

Wani mai karatu daga Damagaram ya rubuto ya ce ya je Kano, an zagaya da shi Gidan Rumfa. Ya ji ana cewa gidan sarki, ana kuma cewa fada, shin abu ɗaya ne? Ya ƙara da cewa an nuna masa rufin wani soro aka ce masa bakan gizo ne, shi kuwa a sararin sama ya san bakan gizo.

Madalla da wannan ziyara, gani ya kori ji. Kafin komai, a riƙa kula da lanƙwasa wajen rubutu. Fada daban, faɗa daban. Raina yana ɓaci in na ga an rubuta "an yi fada a kasuwa", alhali rigima ake nufi.

Gidan sarki gini ne: katanga, ƙofofi, soraye da sassan iyali. Wanda ka shiga Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina shi, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fada kuwa ta fi gini faɗi. Ita ce inda sarki yake zama da 'yan majalisarsa ana kawo gaisuwa, ana kawo ƙara. Shi ya sa ake cewa fada ta cika, ko fada ta tashi, ba wanda zai ce gidan sarki ya tashi. Daga nan aka sami bafade da fadawa da fadanci. Har kalmar ta fito daga gidan sarauta ta shiga ofis da kasuwa: in aka ce wane yana da fada a wurin maigida, ana nufin ana jin maganarsa. Mai neman fada kuma kowa ya san shi. A ganina mutane ne fada, ginin masaukinta ne kawai.

Soro ɗaki ne na ƙasa mai rufin azara. Sai dai a bakin Bakano, zauren shiga gida ma soro ne.

Bakan gizo kuma, ba a ruɗe ka ba. In ka ɗaga kai a cikin soron, za ka ga wasu haƙarƙari sun taso daga bango sun lanƙwasa sun haɗu a tsakiyar rufi. Magina suna jera azarar giginya, wadda gara ba ta iya ci, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Lanƙwasar ce ta yi kama da ta sama, sai aka ara mata sunan.

Wata kuma ta tambayi ma'anar "sarki goma, zamani goma", da dalilin da wasu ke kiran gidan nan Gidan Dabo. Goman ba ƙidaya ba ce, yawa ake nufi: kowane sarki da irin zamaninsa da tsarinsa. Gidan da kansa shaida ne. Rumfa ya kafa shi, Fulani suka gaje shi bayan jihadi, kuma tun da Ibrahim Dabo ya hau gadon a 1819 zuriyarsa ce ke ciki, shi ya sa sunansa ya bi gidan. Duka sunayen biyu daidai ne, kuma a Ƙofar Kudu, wato ƙofar gidan ta kudu, za ki ji ana faɗin kowanne.