Tsatsar kolestarol gaskiya ce, amma kada ka ajiye maganinka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne kolestarol ba ya illa sai ya yi "tsatsa", da kuma ko bitamin E zai iya maye maka gurbin statin, maganin rage kolestarol ɗin da likita ya rubuta. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa shi ya kwantar da ni a gadon asibiti.

LDL, mai dakon kolestarol a cikin jini, yakan kutsa ta fatar cikin jijiya ya maƙale a bangonta. A can oksijin ke lalata shi, kamar yadda ƙarfe ke tsatsa. Da ya lalace, jiki ya daina ɗaukarsa nasa, sai ƙwayoyin tsaro da ake kira makrofaj su far masa, su yi ta haɗiya ba ƙoshi har su kumbura kamar kumfa, su mutu a wurin. Gawarsu da maiƙon da suka ci ke taruwa shekara da shekaru. Ran da murfin wannan tarin ya tsage, jini ya daskare a kai, shi ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Da na karanta haka sai na ce ai maganin tsatsa nake bukata. Na ajiye statin, na rungumi bitamin E kusan shekara biyu. Ban san tun 2000 binciken HOPE, mai mutum sama da 9,000, ya nuna bitamin E bai rage bugun zuciya ba. A 2002 wani a Birtaniya, mai mutum sama da 20,000, ya sake samun haka, alhali simvastatin, wani nau'in statin, ya rage shi a fili.

Wata safiya ina hawa bene ƙirjina ya matse kamar an ɗora min dutse. Har yanzu ina ganin allon da likita ya juyo min: jijiyar tana tafiya da kaurinta, sai a wuri ɗaya ta koma kamar zare. Nan aka sa min ɗan bututun buɗe ta.

Abin da na gane a makare shi ne, LDL ɗin da bai shiga bango ba ba zai yi tsatsa a can ba. Duk rage LDL da 1 mmol/L (ma'aunin yawansa a jini) na sauke haɗarin da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Taba, hawan jini da ciwon suga kuma su ke raunata fatar jijiya su buɗe masa ƙofa.

Don Allah, in ciwon tsoka ne ya sa kake son barin maganin, koma wurin likitanka ya rage maka ko ya canza wani. Ni sai a na biyu jikina ya karɓa.