Kofi a ƙasar Sin: abin sha, abin tsaraba, da batun kai namu can

Tambaya: Ina zuwa Guangzhou saro kaya, sai na ga shagunan kofi a kowace kwana, alhali da shayi na san Sinawa. Wanne zan saya? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Alhaji, idonka ya gane daidai. Lokacin da Starbucks ya buɗe shagonsa na farko a Beijing a 1999, kofi abin 'yan gayu ne. Luckin, kamfanin kofi na Sinawa da aka kafa a 2017, shi ya sauko da shi hannun ɗalibai da ma'aikata: ka yi oda ta waya, ka biya da Alipay ko WeChat, ka je ka ɗauka. Da Cotti, wani kamfanin kofin, ya shigo a 2022 sai aka shiga karya farashi, har aka riƙa samun kofi a kan yuan 9.9. In sauƙi kake nema, waɗannan biyun sun ishe ka. In zama za ka yi da abokin ciniki, je Starbucks, kuɗin kujera kake biya.

Amma ga abin da ya fi damuna. A 2023 Luckin ya fitar da kofi mai madara da aka haɗa da giyar Moutai, aka yi ta layi a kansa. Don Allah kada ka danna hoto kawai don ya yi maka kyau. Tambayi mai shago ko akwai "jiu", wato giya. Baƙin kofi zalla sunansa "meishi", mai madarar kwakwa kuma shi ne Luckin ya fi shahara da shi.

Tambaya: Wane kofi zan riƙo wa maigida tsaraba?

Hajiya, nemi na lardin Yunnan na Sin, daga yankin Pu'er ko Baoshan. Sayi ƙwaya wadda ba a niƙa ba, ki duba ranar da aka soya ta, kada ta wuce wata ɗaya ko biyu.

Tambaya: Muna noman kofi a Mambila. An ce kasuwar Sin ta buɗe, ko in ci bashi in cika kwantena?

Malam, kada ka ci bashin nan tukuna. Kasuwar ta girma, gaskiya ne, amma duba wa ke ciyar da ita. Yunnan na noma kusan duk kofin cikin gida tun bayan shigar Nestlé yankin a ƙarshen shekarun 1980. Sauran kuma daga Brazil, Habasha, Vietnam da Kolombiya yake zuwa. A 2024 Luckin ya ƙulla yarjejeniyar sayen tan 240,000 daga Brazil cikin shekara biyar. Mai sayar da kofi a yuan 9.9 yawa da araha yake nema, kuma ba a nan ƙaramin manomi zai yi gogayya ba.

Ƙofarka ita ce ƙananan shagunan Shanghai, birnin da ke da dubban shagunan kofi, inda matasa ke biyan tsada don ɗanɗanon kofin wani tsauni da ba su taɓa ji ba. Kofin Arabika irin na Mambila zai iya shiga nan, in an tsinko nunannu kaɗai, an shanya a kan gadon shanya ba a ƙasa ba, kuma buhun bana ya yi daidai da na baɗi. Ka sani kuma tun 2022 hukumar kwastan ta Sin ba ta karɓar kayan abinci sai daga kamfanin da ya yi rajista da ita. Ku haɗu a ƙungiya, ku aika samfurin kilo biyu ko uku ga masu soyawa, ku ji farashin da za su saya kafin a fara zancen kwantena.