Tambaya da Amsa: Kwasar gumagumai da tarakta mai cokali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoma a yankin Matamaye tana da tarakta mai cokali a gaba. Iskar damina ta kayar mana da dogon yaro da turare, muna so mu kwaso gumagumansu zuwa bakin hanyar Zinder. Direbanmu yakan ɗora gungume a cokali ya ɗaga sama don ya ga gabansa. Daidai ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Don Allah a hana shi tun yau. Cokali na ƙasa ne da tsakuwa, ba ya riƙe abu mai mirginawa. Idan ya yi sama ya ɗan karkata baya, gungumen zai biyo hannuwan ƙarfen ya faɗo kan direba a kujerarsa. Ku cire cokalin ku sa ƙahonnin ƙarfe biyu masu kariya a baya. In babu, ku ɗaure gungumen a jikin cokalin da sarƙa a wuri biyu.

Mutane suna raina nauyin ɗanyen itace. Gungume mai kaurin santimita 50 da tsawon mita 3 yakan kai kilo 500, wani ya wuce. Ku duba iyakar nauyin ɗauka da aka rubuta a jikin cokalin ko a littafin taraktar kafin ku ɗauka. Kaya mai nauyi a gaba yana rage wa tayoyin baya riƙon ƙasa, alhali a yawancin taraktoci su ne ke da burki. Saboda haka a rataya nauyi a baya, ko garma mai nauyi ko ganga da aka cika da siminti.

A yi tafiya da kayan ƙasa-ƙasa, kamar santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa, a ƙaramar giya, fedar burki biyu a haɗe. Da kaya a sama, in taya ɗaya ta nutse a rairayi ko ta hau kututture, sai tarakta ta kife. Wannan ne ya sa muke so wani ya fara bin hanyar da ƙafa, ya duba suri da ramuka da kututturan da ciyawa ta rufe. A gangare kada a yanka gefe: a hau da gaba, a sauko da baya, kayan kullum yana ɓangaren tudu. Dogon gungume a gicciye yana kama itatuwan da ke tsaye, gara a raba shi biyu. Yara da masu kallo su ja baya, aƙalla ninki biyu na tsawon gungumen.

Tambaya: In gungume ya maƙale a kwari, mu ja shi da sarƙa?

Amsa: Ku ja, amma a ɗaura sarƙar a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai, wanda ake ɗaura tirela. Idan aka ɗaura ta sama da tsakiyar tayoyin baya, gungumen ya cije, gaban tarakta zai tashi ta faɗi da baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kafin direba ya taka kuloci. A ja a miƙe, a hankali, ba fizga.

In akwai gawo cikin abin da ya faɗi, ku nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin ku taɓa shi, domin itace ne da doka ta kare a Nijar.